Ai Ina Shan Magani

Masu hawan jini iri biyu ake yawan magana a kansu: wanda bai san yana da shi ba, da wanda ya sani yake kula da kansa. Ni ɗan kashi na uku ne, kashin da ba ya son a ambace shi. Mun sani sarai, muna da kati a asibiti, muna da ledar magani a gefen gado, jininmu kuma yana can sama abinsa. Na daɗe a wannan ƙungiya, har da a ce ana naɗa sarauta a cikinta da tuni an ɗaura mini rawani. Ba zan fake da jahilci ba, domin a majalisarmu ta bayan La'asar ni ne mai fashin baƙi. Ni ke gaya wa mutane cewa in awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka maimaita a wata rana aka sake samun haka, to hawan jini ya tabbata. Raunina guda ne: na fi damuwa da likita ya yaba mini a kan jinina ya sauka.

Ranar da aka gano ciwon, likita ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce wannan magani ba shi da ranar gamawa. Na gyaɗa kai irin na mai ilimi, na ce, "Na fahimta, ranka ya daɗe." Amma abin da ya shiga kunnena daban ne. Ni na tashi ne a kan cewa ciwo zuwa yake yi, a sha magani, ya tafi, a gode wa Allah. Haka zazzaɓin cizon sauro yake, haka ciwon ciki yake. Da katin magani na farko ya ƙare, na ji kaina wasai, sai na yanke wa kaina hukuncin cewa na warke. Ban sanar da kowa ba, don kada a ɓata mini farin ciki da tambayoyi.

A madadin na'urar awo sai na naɗa ƙeyata. In ta yi nauyi, jini ya hau, sai in haɗiyi ƙwaya. In ta yi sakayau, jini ya sauka, sai in ba magani hutu. Duk wanda ya yi mini gardama sai in ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiyar da ni kaina nake karanta wa wasu ita ce mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai a jikinsu. Mutum na iya yini yana raha a kasuwa alhali awonsa ya yi tashin da zai firgita nas. Nauyin ƙeyar da nake ji kuwa, daga baya na gane yawancinsa na matashin kai ne da rana da kuɗin makarantar yara.

Abin da ya ƙara ɗaure wa wautata gindi shi ne irin ƙwayar da aka ba ni. Amlodifin ce, wadda kusan duk mai hawan jini a ƙasar nan ya san ta. Tana da daɗewa a jiki, sai ta yi fiye da kwana guda kafin rabinta ya fita. An yi ta haka ne don sha ɗaya ya wadatar a yini, kuma in mutum ya yi mantuwa sau guda kada jini ya yi tsalle nan take. Wannan rangwame da aka yi wa masu mantuwa ni na mayar da shi hujja. Na bar sha jiya, ban faɗi ba. Na bari yau, ga ni garau. Sai na zauna a majalisa ina girgiza ƙafa ina cewa likitocin nan akwai su da tsoratarwa, jikin ɗan Adam ya fi littattafansu sani.

Duk da haka ban taɓa fashin zuwa asibiti ba, domin ina son a san ni da cika alkawari. In ranar ganin likita ta matso, sai in koma mutumin kirki. Magani a kan lokaci, miya lami, barci da wuri, har da ɗan tattaki bayan Asuba. Ɗalibin da ya yi wasa duk zango sannan ya kwana karatu daren jarrabawa, shi ne ni. A ɗaura mini abin awo a dantse, adadi ya fito da ɗan dama-dama, a rubuta a kati, a ce in ci gaba da yadda nake yi. In fito ina taƙama, in tsaya a bakin titi in saka wa kaina da balangu. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa na ci da wannan wayo ba.

Ranar da dubu ta cika, kwanan wata ne ya shige mini, sai da uwargida ta tuna mini da safe. Babu lokacin shiri. Na tarar an canja likita, wata yarinya ce sa'ar 'yata ta fari. Ta auna, ta dube ni, ta bar ni na huta, ta sake aunawa. Na sama ya haura 170. Ta ce, "Baba, kana shan maganinka kuwa?" Na gyara zaman hula na ce, "Kullum, Likita. Ko abinci na fi mantawa da shi." Ta yarda da ni, domin wa zai zaci mai furfura zai yi ƙarya a kan ƙwaya? Sai ta ce tunda guda ɗaya ta kasa, za ta ƙara mini ta biyu. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa kam ta haihu a take, na fito da jaririyar a leda.

Na koma gida ina fushi da yarinyar, wai ta mayar da ni ɗakin ajiyar magani. Alhali ko da gaskiya na faɗa, ƙarin ƙwaya ba abin kunya ba ne, kuma ba ya nufin ciwo ya ci mutum. Galibin masu hawan jini sai an haɗa musu magani biyu ko fiye kafin ya daidaita. Akwai ma binciken da aka yi a kanmu mu baƙar fatar Afirka, mai suna CREOLE, wanda Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida, har da Najeriya da Kamaru, aka fitar da sakamakonsa a 2019. Ya nuna cewa haɗin ƙwaya biyu da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jini a kan haɗin da babu ita. Wato masana sun sha wahala sun gano abin da ya dace da jikina, ni kuma ina can ina shawara da ƙeya.

Sabuwar ƙwayar irin mai sa fitsari ce, wadda ke fitar da gishiri da ruwa daga jiki. Na sha ta wata Juma'a dab da tafiya masallaci, na yi sammako na samu sahun gaba, ina jin kaina cikin na Allah. Liman bai kai rabin huɗuba ba na fara lissafin yawan kafaɗun da zan tsallake kafin in kai ƙofa. Tun daga ranar na kafa doka: ba a shan ta ran Juma'a. Sai na ƙara ranar tafiya, domin direbobin tasha ba sa tsayawa don tsoho. Sai ranar ɗaurin aure, sai ranar taro a wurin aiki, sai ranar da nake zaton wataƙila za a yi baƙi. Da azumi ya zo na ba ta hutun wata cur, na ce ai yunwa da kanta tana sauke jini. Duk wannan da na buɗe baki na faɗa, da an ce mini in riƙa shan ta da sassafe, a kuma tsara mini yadda zan yi da azumi tsakanin buɗa-baki da sahur.

Akwai kuma lokacin da aka gwada ni da lisinofril, na kama wani busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro. Na sha zuma, na sha citta, na sha lemon tsami, na shanye kwalaben maganin tari. Uwargida ta fara ware mini kofi a asirce. Sananne ne cewa wannan magani yana sa wasu mutane irin wannan tari, kuma canja shi aikin minti guda ne a wurin likita. Ni dai da na zargi ƙwayar sai na jefar da ita shiru. Haka muke yi. Wani ƙafarsa ce ke kumbura, wani jiri yake ji in ya miƙe, wani kuma abin da ke damunsa ya shafi sha'anin iyali, wanda ba a faɗarsa a majalisa sai da habaici. Kowa sai ya daina sha a ɓoye, maza kuma su nufi wurin mai tallar maganin ƙarfi. Ba mu san cewa hawan jinin da aka bari sakaka shi kansa yana lalata jijiyoyin da muke ƙoƙarin karewa ba.

Batun gishiri kuwa, nan na nuna iko. Na tara iyali na yi jawabi. Na ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa har da wanda ke ɓoye cikin burodi da taliyar leda da kifin gwangwani. Uwargida ta ce, "To Malam, dunƙulen fa?" Na ce dunƙule ai ɗanɗano ne, a bar shi. Ashe gishiri ne kan gaba a cikin abin da aka haɗa shi da shi, farin magi ma yana ɗauke da sinadarin da ake gudu a gishirin. Haka kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Ni kuwa ɗanwake in bai ji kanwa da yaji ba, ban ɗauke shi abinci ba.

Baiwar Allah ta bi umarni, ta koma daddawa da albasa da tafarnuwa, tana dafa mini tukunyata daban. Ni kuma in ci kaɗan, in yaba, in ce zan fita miƙe ƙafa. Wata rana muna dawowa daga dubiya da daddare, cunkoso ya tsayar da mu daidai wurin mai tsire. Na kafe idona a gaba kamar ban san unguwar ba. Sai ga yaronsa ya sheƙo da gudu ya leƙo ta taga yana washe baki: "Alhaji, barka da dare! A sa irin na kullum? Yaji biyu ko?" Ban san inda na samo muryar da na ce ya yi makuwa ba. Uwargida ba ta ce uffan ba har muka isa gida. Washegari da ta ajiye mini tuwo sai ta ce, "Ga na marasa lafiya. Na masu lafiyar sai an fita miƙe ƙafa."

Sannan ga gwiwa. Shekaru da teɓa sun haɗu sun sa ta ƙara, sai na ƙulla abota da mai kemis ɗin layinmu. In ce masa jiki ya yi tsami, ya haɗo mini diklofenak ko ibufrofen, wani lokaci duka biyun. Bai tambaye ni ko ina da hawan jini ba, ni ma ban ga dalilin ba shi labarin rayuwata ba. Waɗannan magunguna suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna rage wa maganin hawan jini ƙarfi, kuma in aka daɗe ana sha suna taɓa ƙoda. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci su ma suna ɗaga jini. Ranakun da na yi abin kirki na sha ƙwayata ke nan, sai in bi ta da abin da zai warware mata aiki, in kora da goro.

Ban bar na gargajiya a baya ba. Wani ya ce zoɓo, wani ya ce tafarnuwa, wani ya ce zogale, mai lasifika a kasuwa ya ce garinsa yana tumɓuke hawan jini daga saiwa cikin mako guda, tare da basir da shawara da sanyin ƙashi. Zoɓo dai an gwada shi, yana ɗan rage jini kaɗan, amma bai kai ya karɓi aikin magani ba. Nawa zoɓon ma sai ya sha sukari har cokali ya kusa tsayawa. Kuma tunda ina shan sa, sai na ga adalci ne in raba ƙwaya biyu, rabi yau rabi gobe, kada ƙarfi ya yi wa jiki yawa.

Da aka cire tallafin mai a 2023, naira ta faɗi, kuɗin magani ya tashi, sai na samu uzurin da ya fi duk na baya kyau. Wannan uzuri gaskiya ne ga mutane da yawa. Akwai ɗan fansho da gwauruwa da ɗan dako da ke tsayawa gaban kanta suna zaɓa tsakanin kwanon masara da katin magani, kuma ba a yi wa irin wannan dariya. Amma ni da na zauna na yi lissafi tsakanina da Allah, abin da nake kai wa mai tsire da abin da nake zuba wa waya na kallon bidiyon da ba ya ƙare ni da komai ya isa ya sayi maganin wata har da canji. Na ari kukan talaka na yafa don kada a ga nawa sakacin.

'Yata ta gaji ta sayo mini na'urar awo ta gida, da littafin rubuta sakamako. Nan ma na samo hanya. In na auna adadin bai yi mini ba, sai in ce batir ne. In sake, in canja hannu, in kwanta, in yi salati, in sake, har sai na samu wanda ya fi ƙanƙanta, shi zan rubuta da kyakkyawan rubutu. Ƙa'idar kuwa a fili take: a zauna a huta kamar minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a ɗore daidai ƙirji, babu magana, babu goro ko sigari ko kofi rabin awa kafin nan, a kuma fara zagayawa in fitsari ya matsa. Abin ɗaurawar ma sai ya dace da kaurin dantse. Sannan a rubuta abin da aka gani, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Littafina ya fito tsaf, duk wanda ya karanta zai ɗauka na ɗan ƙwallo ne.

Abin da ya tsinka mini wasan shi ne dubiyar wani abokin zamanmu da ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. A zaure ana ta hasashe. Wani ya ce iska ce, wani ya ce jifa ne, domin ai kowa ya san yana shan magani. Ni ma na tofa nawa, na ce ikon Allah, mutum yana kiyayewa amma abu ya same shi. Sai ƙaninsa ya fito da wata leda daga ɗaki don a nuna wa likita abin da yake sha. Katuna ne cike, wasu an ɓalli biyu, wasu uku, wasu ko taɓa su ba a yi ba har sun tashi aiki. Mutane suka yi ta salati suna mamaki. Ni ban yi mamaki ba. Na san ledar, akwai ƙanwarta a gidana.

Ashe muna da yawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya masu hawan jini sun kai biliyan 1.3 a 2019, ninkin abin da ake da shi a 1990. Alƙaluman hukumar na wancan lokacin sun nuna cewa cikin kowane 100, kusan 46 ba su san suna da shi ba, kimanin 42 suna karɓar magani, amma 21 ne kacal jininsu ya daidaita. Wato rabin masu cewa "ai ina shan magani" har yanzu suna cikin haɗarin shanyewar jiki da ciwon zuciya da lalacewar ƙoda da ido. Duk ranar 17 ga Mayu ana shelar a je a auna, kuma shela ce mai kyau. Sai dai mu da aka riga aka auna muna sauraronta muna gyaɗa kai, muna tausaya wa jahilai.

Ba duka laifin ne namu ba. Layin asibiti na iya cinye wa mutum yini, a ƙarshe ya samu 'yan mintoci da likitan da bai taɓa ganin sa ba. Wani likitan yakan ga awo a sama ya ce a dawo wata mai zuwa, wata ya bi wata ba a ƙara komai ba. Akwai jabun magani. Akwai kuma wanda yake sha tsakani da Allah amma jinin ya ƙi sauka, saboda ciwon ƙoda, ko ƙiba, ko giya da sigari, ko irin minsharin nan da numfashi ke ɗaukewa cikin barci. Ciwon sukari ma yakan zo tare da shi ya ƙara dagula lissafi. Duk waɗannan ana iya bincikowa. Amma likita da abin da ka gaya masa yake aiki. In ka ce kullum kana sha alhali ba ka sha, ka aike shi neman ɓarawo a gidan maƙwabci.

Na koma wurin yarinyar nan da ledata gaba ɗaya, na zazzage mata a tebur, na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗi na ƙeya, na faɗi na Juma'a, na faɗi na mai kemis da na littafi. Na shirya ta yi faɗa, ko aƙalla ta riƙe baki don mamakin irin dabarata. Ko ɗago gira ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, tun safe kai ne na nawa. Bambancinka da su, kai ka kawo ledar." Wannan ya fi faɗa ciwo. Shekaru ina zaton ni gwani ne, ashe ko a wauta ban yi fice ba. Ta sa aka duba ƙoda da sukari, ta canja mini maganin gwiwa, ta rubuta mini ƙwaya guda mai haɗe da magani biyu, ta ce in ajiye ta inda hannuna zai kai da na sallame Asuba.

Ba zan ce na zama waliyyi ba. Har yanzu in iska ta kaɗo ƙamshin tsire sai na ji imanina yana rawa, wani lokaci kuma yakan faɗi. Amma littafin awo ya koma hannun 'yata, ƙirgar ƙwaya ta koma hannun uwargida, ni kuma an rage mini muƙami zuwa mai haɗiya. Jinin ya sauka, abin da ya ɗan ba ni haushi, domin ya tabbatar da cewa kowa ya fi ni gaskiya. Kai kuma da kake karantawa kana ƙyaƙyatawa, tashi ka ɗauko katin maganinka, ka tuna ranar da ka saye shi, ka ƙirga ramukan da ka ɓalle. In lissafi ya fita daidai, dariyarka halal ce, ci gaba. In bai fita ba, matso kusa, akwai wuri a tabarma.